Wane suna za mu sa wa leveraged ETF da Hausa?

Jama'a, kalmar nan ta fara yawo a bakin matasanmu masu sayen hannun jarin Amurka ta waya, kuma kowa fassara ta yake yi yadda ya ga dama. Na tattara shawarwarin da aka kawo, ga kuma inda ni na tsaya.

Da farko mu san abin da muke raɗa wa suna. Asusu ne da ake sayar da rabonsa a kasuwar hannun jari, wanda ya yi alkawarin ba ka ninki biyu ko uku na motsin kasuwa a yini ɗaya. A mai ninki uku, kasuwa ta hau kashi 1 cikin ɗari, kai ka hau 3. Ta sauka 1, ka sauka 3. Kamfanin ProShares ne ya fara fito da irinsa a Amurka a 2006, Direxion ya kawo mai ninki uku a 2008. Wanda ya fi suna yanzu shi ne TQQQ, mai ninki uku, mai bin Nasdaq-100, wato ma'aunin farashin hannun jarin manyan kamfanoni ɗari da ke kasuwar Nasdaq ta Amurka.

Wani ya ce a bi asalin kalmar, tunda daga sandar da ake ɗaga kaya mai nauyi aka samo ta, a ce "asusun ɗagawa". Wannan ba ya gaya wa kowa komai, mu wuce.

Wani kuma ya ce "caca" kawai, a huta. Na gane fushinsa, amma wannan hukunci ne, mu kuma suna muke nema. Hukuncin halacci ko haramci na malamai ne, su ma sai sun san abin da ake magana a kai.

"Jarin bashi" shi ya fi samun magoya baya, kuma a nan nake so mu daɗe. Kalmar tana da kyau, sai dai tana da mai ita. Waɗanda suka ga 2008 a Najeriya sun san ta. Bankuna sun riƙa ba mutane rance su sayi hannun jari, sau da yawa ma hannun jarin bankin da ya ba da rancen. Da kasuwar Legas ta rushe, jarin ya narke, bashin yana nan daram. Irin waɗannan basussuka na cikin abin da ya kai Babban Banki, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ga sauke shugabannin bankuna biyar a watan Agustan 2009. Wannan shi ne jarin bashi na gaskiya, kai ake bi. A asusun da muke magana kuwa, ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Asusun ne ke ƙulla yarjejeniyoyi da manyan bankuna don ya samar da ninkin, kai iyakar asararka abin da ka zuba. In muka haɗa su a suna ɗaya, mun ruɗa mai karatu.

Sai "asusun riɓi", daga riɓanya. Hausa ce tsantsa kuma ta dace. Matsalarta waya. Yawancinmu ba ma sa lanƙwasa in muna rubutu, za ta koma "ribi", ido kuma ya karanta "riba". Abin da zai iya cinye maka kashi 79 cikin ɗari a shekara guda, kamar yadda TQQQ ya yi a 2022 lokacin da Nasdaq-100 ya faɗi kusan kashi 33, bai kamata sunansa ya yi kama da riba ba. Ninki ya fi tsira, ba lanƙwasa, kuma kowace mai talla ta san shi.

Amma "asusun ninki" shi kaɗai ya bar rabin labarin a baya, domin alkawarin na yini ɗaya ne, kullum da yamma ake sake lissafi daga inda aka tsaya. Ga misali. Ka zuba naira 100,000. Ranar Litinin kasuwa ta faɗi kashi 20, kai ka faɗi 60, saura 40,000. Talata ta hau kashi 25, wato ta koma daidai inda take. Kai ka hau kashi 75, amma na 40,000, ka tashi da 70,000. Wanda ya sayi asusun da ba ninki ya dawo da kuɗinsa cif, kai an ci maka 30,000 alhali kasuwa ba ta je ko'ina ba. Na zaɓi manyan lambobi ne don a gani da kyau, amma ƙananan hawa da sauka ma haka suke gutsurar kuɗin sannu a hankali.

Kan wannan gaɓar hukumomi suka daɗe suna kai-komo. Tun 2009 FINRA, mai sa ido kan dillalan hannun jari a Amurka, ta gargaɗe su cewa irin wannan asusu galibi bai dace da ƙaramin mai zuba jari da zai riƙe shi fiye da yini ba. A 2019 hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jarin Amurka, ta kawo shawarar a tilasta wa dillali ya tantance mutum kafin ya sayar masa, sai ga shi a dokar da ta fito a Oktoban 2020 an cire wannan sharaɗi. An dai taƙaita sababbin asusu ga ninki biyu, tsofaffin masu ninki uku aka bar su suna ci gaba. Koriya ta Kudu ta fi tsanani: sai ka zauna darasi, ka kuma ajiye miliyan 10 na kuɗinsu, won, kafin a buɗe maka ƙofa. Matashin da ke Kano ko Maraɗi da manhaja a hannu, ba wanda zai zaunar da shi darasi, sunan ne kawai zai fara cin karo da shi.

Don haka shawarata: asusun ninkin yini. In za a fayyace, ba zai yiwu a ce "ninkin yini biyu" ko "ninkin yini uku" ba, zai zama kamar kwanaki ake ƙirgawa, sai a ce "asusun ninkin yini, mai ninki uku". Wanda ke hawa in kasuwa ta sauka kuma, asusun kishiyar yini. Jarin bashi mu bar wa rancen dillali da na banki. Masu fassara a gidajen rediyo, ku gwada shi a baki ku gaya mana ko yana tafiya cikin jimla.