Horon wuta da horon ɗanye: sunan da ya dace da aikin taurara magniziyam

'Yan uwa masu koyar da fasahar ƙarafa, ga shawarata kan kalmomi biyu da muke ta ambata da Turanci a tsakiyar darasin Hausa, wato "heat treatment" da "cold working". Ina ganin "horo" ita ce uwar kalmar. Ana horar da doki, ana horar da yaro, halinsa ya sauya amma shi ɗin ne dai. Ƙarfe ma haka, ba a ƙara masa komai ba, tsarin cikinsa ne ya sauya.

Da magniziyam na gwada su, domin shi ƙarfe ne mai gardama. Nauyinsa kusan kashi biyu cikin uku ne na alminiyam, shi ya sa aka zuba gidan injin tsohuwar Volkswagen Beetle da shi. Amma ƙwayoyinsa a jere suke cikin tsari mai kusurwa shida, hanyoyin da za su zame wa juna ba su da yawa idan ba a ɗumama shi ba. Ka matsa masa kaɗan ya taurara, ka ƙara ya tsage. Sai zafi ya haura digiri 225 na ma'aunin Celsius ko kusa da haka yake sakin jiki.

Kalmar farko, "heat treatment", ba ta ba da wahala: horon wuta. Ɗauki gamin magniziyam da ake kira AZ91, mai alminiyam kashi 9 cikin ɗari da tutiya kashi 1. Ana riƙe shi a kusan digiri 415 na sa'o'i masu yawa har alminiyam ɗin ya narke cikin jikin magniziyam alhali ƙarfen yana nan a daskare, sai a sanyaya shi. Wannan horo shi ake yi wa alama da T4. Daga nan a mayar da shi wuta mai sauƙi, tsakanin digiri 170 da 200, a bar shi ya daɗe. Wasu 'yan ƙwayoyi masu tauri sukan fito a cikinsa su tare hanyar zamewa, tauri ya ƙaru. Shi ne T6.

Wannan mataki na biyu, "ageing" a Turance, wasu ke fassarawa da "tsufa". Ban yarda ba. Tsufa rauni yake kawo wa Bahaushe a zuciya, nan kuwa ƙarfi ake nufi. Ni "tsimuwa" nake so, yadda jiƙo yake tsimuwa idan ya kwana. Har ma idan ya wuce lokacinsa taurin ya fara raguwa, sai mu ce ya zarce tsimuwa. Masanin ƙarafa Alfred Wilm ne ya gano wannan hali a Jamus a 1906, a jikin gamin alminiyam.

Kalma ta biyu, "cold working", ita ce ta fi ɗaukar mini lokaci. "Aikin sanyi" zai sa ɗalibi ya zaci ƙanƙara ake sa wa ƙarfen, alhali abin nufi shi ne a murje shi ko a buge shi ba tare da an kai shi zafin da ƙwayoyinsa za su sake sabon jeri ba. Abin da bai ga wuta ba kuwa ɗanye muke ce masa. "Ɗanyen aiki" ba za ta yiwu ba, kowa ya san ma'anarta. Saboda haka: horon ɗanye.

Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya ya ji ta tana ƙara tauri kafin ta karye, ya san abin. Tauri yana hawa, gautsi yana biye da shi. Gamin AZ31, mai alminiyam kashi 3 kacal, tsimuwa ba ta ƙara masa wani abin kirki, da horon ɗanye ake taurara fallayensa. Alamar H24 da ake gani a jikinsu tana nufin an yi musu horon ɗanye, sannan an ɗan nuna musu wuta don gautsin ya ragu. Wannan nunin wutar na ƙarshe nake kira "sassauci", kuma ina son maƙeranmu su faɗa mana ko ta zauna daidai a bakinsu.