Ford Edge 2013 ko Highlander ta hannu? Waɗanda suka taɓa riƙewa ku ba ni shawara

Abban Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema da gaggawa, don mai motar ya ba ni zuwa Juma'a. Na sayar da tsohuwar Golf ɗina na haɗa da kuɗin adashi, abin da ke hannuna ya kai miliyan 11. A wani wurin sayar da motoci nan Kano na ga Ford Edge 2013, 'yar Amurka, ba a taɓa hawanta a ƙasar nan ba, mai silinda shida, mun tsaya a miliyan 10 da rabi. Ga kuma Highlander 2008 ta maƙwabcina, ta sha hanya sosai, shi ma kusan kuɗin yake nema. Ni ma'aikaci ne, duk ƙarshen wata nakan kai iyali Potiskum gaida mahaifiyata. Abu uku nake son sani: yaya shan man Edge ɗin, ana samun kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma akwai makaniken da ya san ta a Kano?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Sayi Corolla ka huta.

Baban Sadik:
Miliyan 10 da rabi? Malam an ɗora maka. Ƙanina ya sayi irinta a Kaduna miliyan 8.

Mai Motoci:
Baban Sadik, ta miliyan 8 an hau ta a nan, ko kuma shekarar ba ɗaya ba. Sana'ata ce. Mai lafiya da cikakkun takardu ba ka ɗaukarta ƙasa da 12 yanzu. Ni arhar ce ma ta ba ni tsoro. Abban Husna, tambaye su me ya sa suka sauko haka.

Direban Sharon:
Ku daina zagin Ford don Allah. Galaxy nake ja tsakanin Kano da Abuja, da lodi sama da ƙasa, ita ta aurar min da 'ya. Da yawa daga cikin motocin da kuke kira Sharon a tasha in kun duba gabansu tambarin Ford ne. Malam, nemi Galaxy.

Alhaji Na Gusau:
Ƙanina Abban Husna, ka tsaya ka karanta nawa kafin ka ba kowa sisi. A 2018 na ba wani dillali kuɗina ya kawo min mota daga Amurka. Mutumin nan tare muke sallah, na san gidansu, na san mahaifinsa. Mota ta iso tana ƙyalli, kujerun fata, ƙamshi kamar kanti. Na yi walima, 'yan uwa suka zo suka yi addu'a. Ba a jima ba gilashi ya fara sauka da kansa. Sai fitilu su kama da rana tsaka. Wata rana a hanyar Funtuwa, da iyalina a ciki, magariba ta kawo kai, motar ta mutu murus a inda duk wanda ya san hanyar ba ya son tsayawa. Yarana suna kuka, uwarsu tana salati. Allah ne kaɗai ya kawo mai tirela ya ja mu.

Da mai gyaran wayoyin mota ya ɗaga kafet, wallahi laka muka tarar busasshiya a ƙasa, wayoyin duk sun yi kore. Ashe motar ambaliya ce. Ruwan da ya ci birnin Houston a 2017 ya nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu, irin su dillalina suka kwaso, aka wanke aka fesa turare aka kawo mana. Na canza birenbos, wato kwamfutar motar, na canza wayoyi, na sayar da fili na zuba mata. Da na je wa dillalin sai ya ce ai ƙaddara ce, shi ma haka ya gan ta. Dattawa suka shiga, aka ce in yi haƙuri saboda zumunci. A ƙarshe 'yan gwangwan na sayar wa. Har yau in na gan shi a masallaci sai na yi ta maza nake iya miƙa masa hannu.

Maman Ilham:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji.

Ɗan Kwari:
Kun ji ko? Ni na faɗa. Motar Amurka sai Ba'amurke.

Alhaji Na Gusau:
A'a ɗana, ban ce laifin masu ƙera ta ba ne. Ko wace iri ce in ta kwana a cikin ruwa ta gama. Mutum ne ya cuce ni, mutumin da na yarda da shi.

Bahaushen Michigan:
Alhaji ya yi gaskiya. Ina zaune kusa da Dearborn inda hedikwatar kamfanin Ford take, kuma raina shi da ake yi a gida yana ba ni mamaki. Henry Ford ya kafa shi a 1903. A 1908 ya fito da Model T, kafin a daina yin ta a 1927 an ƙera sama da miliyan 15. Shi ne a 1913 ya kawo tsarin da mota ke tafiya a kan layi, kowane ma'aikaci yana tsaye yana ɗaura abu ɗaya, aikin da ke cin fiye da awa 12 ya dawo kamar awa ɗaya da rabi. Shi ya sa kuɗinta ya faɗo daga dala 850 zuwa ƙasa da 300, manomi ma ya iya saya. A 1914 ya mayar da ladan ma'aikaci dala 5 a rana, ninki biyu na abin da ake biya. Kafin shi mota abin masu hannu da shuni ce. Kuma a 2009 da General Motors da Chrysler suka durƙushe sai da gwamnati ta tallafe su, Ford bai shiga kotun karyewar arziki ba, don tun 2006 ya ciwo bashin sama da dala biliyan 23, har tambarinsa ya jinginar. Akori-kurarsu F-150 ko'ina ka juya a nan ita ce, wasu sun zuba mata mil dubu ɗari biyu suna ci gaba.

Baban Sadik:
To Malam Bature, mun gode da darasi. Henry Ford ne zai zo ya gyara masa ita a Potiskum?

Ɗan Kwari:
Hahaha. A turo shi ta jirgin Max, mu tarbe shi da fura.

Bahaushen Michigan:
Ku yi dariyarku. Ni dai na riƙe Edge, ku kuwa labari kuke ji.

Direban Sharon:
Ka riƙe ta a titin da babu rami, da man da ba a gauraya ba. Wanda ya ja mota a hanyarmu shi ke da bakin magana.

Usta Mai Gareji:
Ranku ya daɗe, ku bari mai taɓa ƙarfen ya ce wani abu. Direba, Galaxy ɗinka da Edge suna kawai suka haɗa. Tsohuwar Galaxy da Sharan ta Volkswagen gida ɗaya aka ƙera su a Fotugal tun 1995, shi ya sa kayan ƙafarsu da na jiki ke shiga juna, kake samu a ko'ina da arha. Edge kuwa a Kanada aka yi ta don kasuwar Amurka, kuma an ma daina yin ta a can a 2024.

Abban Husna, abin da za ka riƙe shi ne wannan. Injin 3.5 ɗin nan yana da ƙarfi da juriya, amma famfon ruwansa a cikin injin yake, sarƙa ce ke juya shi, ba a waje ba irin wanda muka saba. In ya fara yoyo ba a lura ba, ruwa zai iya gangarawa cikin baƙin mai. Ka zaro sandar awon mai, in ka ga ya yi kalar shayi da madara, kar ka ƙara tayar da ita. Canza famfon kuma aiki ne babba, sai an buɗe gaban injin gaba ɗaya. Saboda haka ba a zuba mata ruwan rijiya a lagireto, sai ruwanta mai kala. Kafin ka biya a sa mata kwamfuta, a ɗaga kafet, a duba ƙarfen ƙarƙashin kujera ko ya yi tsatsa, a sa lambar shasi a intanet a ga tarihinta. Kaya kuwa, fulogi da birki da shakazoba kana samu a Ƙofar Ruwa. Na lantarki da na giya wani lokaci sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas.

Abban Husna:
Na gode Usta, Allah ya ƙara buɗi. Amma har yanzu ba wanda ya ce min komai a kan shan mai. Tun da aka cire tallafi a 2023 shi ne babban abin da nake tsoro.

Mai Motoci:
Ba ta sha, kamar Camry take.

Baban Sadik:
Ji mai sayarwa! Silinda shida ce fa. Ƙanina ya ajiye tasa sai ranar Juma'a, sauran kwanaki babur yake hawa.

Maman Ilham:
Tawa Ford Escape ce, kuma ban da ƙorafi a kanta, sanyinta da laushin tafiyarta sun fi na motar maigidana. Abin da ya dame ni masu gyara ne. Na kai ta don ƙaramin abu, yaron garejin ya cire mata abin da ke daidaita zafin injin ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Tun daga ranar ta fara zuƙar mai. Da na koma sai ogansa ya ce, Hajiya ai haka muke yi wa kowa.

Usta Mai Gareji:
Hajiya, wannan ɓarna ce, kuma ba dukanmu ke yi ba. Injin zamani in bai kai zafinsa ba, kwamfutarsa za ta yi ta ƙara masa mai tana zaton bai ɗumama ba. Ki sa a mayar da shi.

Alhaji Na Gusau:
Usta kai ɗaya ne a cikin dubu. Lokacin wahalata wani ya karɓi kuɗin sabon birenbos, ashe nawa ya goge ya mayar min.

Direban Sharon:
Ni fa jabun kaya ne suka fi ci min rai. Ka biya kuɗin na asali, kwali na asali, ka ɗaura, kafin ka kai Zariya ya fara kuka. Kuma a cikin kuɗin akwai la'adar makaniken da ya raka ka shagon.

Usta Mai Gareji:
Direba, ku ma ku faɗi naku. Sai a ce muku na dubu 40 ne mai kyau, ku ce a sa na dubu 12 a lallaɓa, in ya lalace ku zo kuna zagin makanike a gaban yaransa. Wa ya taɓa biyan mu kuɗin aiki ba tare da ya yanke rabi ba?

Maman Ilham:
To ni ban yanke ko kwabo ba, Usta, kuma aka yi min abin da aka yi. Wa zan kai wa ƙara? Ƙungiyarku tana hukunta irin waɗannan, ko sai karɓar kuɗin wata?

Baban Sadik:
Tambayar ke nan. Usta, amsa wa Hajiya.