Taƙaitawa: idan MySQL ta ƙi tashi a Ubuntu

'Yan'uwa, ga abin da na tsinto daga wata doguwar tattaunawa kan abin da za a yi idan MySQL, manhajar adana bayanai, ta ƙi tashi a Ubuntu (wani nau'in Linux).

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Kafin ka taɓa komai, karanta /var/log/mysql/error.log, fayil ɗin da MySQL ke rubuta kurakuranta. Yawanci dalilin yana layukan ƙarshe.
2. ERROR 2002 galibi alama ce cewa sabar MySQL ba ta tashi ba. Duba da systemctl status mysql, sannan df -h, don faifai idan ya cika ba za ta tashi ba.
3. ERROR 1698 ba ɓacewar kalmar sirri ba ce. A Ubuntu root, babban asusun MySQL, na shiga ne ta auth_socket, wato ana tantance shi da asusun root na Ubuntu ba da kalmar sirri ba, saboda haka sudo mysql ya wadatar.
4. Ƙaramar saba mai RAM 512MB kan kashe MySQL 8 ana cikin girkawa. A ƙara swap (wurin faifai da ke taimaka wa RAM idan ta cika), sannan a bi da sudo dpkg --configure -a.

Inda aka rabu: ragowar fayilolin MariaDB, wata manhaja mai kama da MySQL, idan an taɓa girka ta. Wasu sun ce a goge /var/lib/mysql a fara sabo, wasu suka ce sam. Ni ina tare da na biyun, domin duk bayananka a can suke. A kwafe su tukuna. Kan AppArmor kuwa, manhajar tsaro da ke iyakance fayilolin da MySQL za ta iya taɓawa, 'yan kaɗan sun ce a kashe shi, mafi yawa suka ce a gyara ƙa'idarsa kawai.