Matashin da ya ce bai san kiransa ba: me kuke yi?

Mai buɗe zance: Salama a gare ku, 'yan'uwa masu aiki da matasa a ikilisiya. Tambayar nan ta "mene ne Allah ya kira ni in yi?" ba ta ƙarewa, musamman a bakin waɗanda suka gama karatu suna zaune. Me ke aiki, me ke ɓata lokaci? Abin da za a iya farawa mako mai zuwa nake nema.

Shugaban zumuntar matasa: A fara da rage yawa. Rukuni in ya wuce mutum 8, uku ne za su riƙe zancen, sauran su koma kan waya. Mutum 6 zuwa 8, awa ɗaya, sau ɗaya a mako, har mako 6. A zama na biyu a karanta Romawa 12:6-8. Baiwa 7 ce a wurin: annabci, hidima, koyarwa, ƙarfafa zuciya, bayarwa, shugabanci da jinƙai. Kada a tambayi yaro wacce ce tasa, don wadda ta fi suna zai ɗauka, kowa ya zama annabi ko shugaba. A ba kowa takarda ya rubuta baiwar da ya gani a jikin na kusa da shi, da misali guda da ya gani da idonsa. Babu misali, ba a karɓa.

Malamar makarantar Lahadi: Haka ne, ɗan'uwa, amma takarda kaɗai ba ta isa ba. A ba matashin aikin gwaji na wata 3: ajin yara, ziyarar marasa lafiya, mawaƙa, ko ƙirga baiko. A faɗa masa ranar gamawa tun farko, don ya iya bari ba tare da jin kunya ba. Inda ake kuskure shi ne a tura shi ajin yara shi kaɗai. Lahadi biyu yara sun fi ƙarfinsa, wannan na kuka, wancan ya shige ƙarƙashin benci, sai ya fito ya ce Allah bai kira shi ba, alhali ba wanda ya koya masa raba darasi gida uku: labari, waƙa, aikin hannu. Dole babba ya zauna a bayan aji, su tattauna minti 10 bayan an tashi. Ko annabi Sama'ila, yana yaro, sau uku yana rugawa wurin firist Eli kafin tsohon ya gane Allah ne ke kiransa.

Fasto: 'Ya'yana, ku kula da Irmiya 29:11, inda Allah ya ce yana da shirin alheri dominku. Ana ba matasa ayar kamar alkawarin samun aiki bana. Wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwasa bauta Babila, kuma aya ta 10 ta ce shekara 70 za su yi. A karanta daga aya ta 4: ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku nemi zaman lafiyar birnin. Wanda aka ba rabin ayar, shekara biyu ba aiki sai bangaskiyarsa ta yi sanyi. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Kuma kira ba aikin fasto kaɗai ba ne. Bulus ɗinkin tanti ya yi tare da Akila a Koranti.

Ma'aikaciyar jinya: Baba Fasto, a ƙara wannan. In matashi ya daina barci ko cin abinci, ya janye daga abokai, abin da yake so dā ya daina ba shi sha'awa har sama da mako 2, ko yana cewa gara ya mutu, kada a ɗora masa azumi. A yi addu'a da shi, a raka shi wurin likita, a sanar da wani babba da ya amince da shi.

Mai buɗe zance: Na gode. Malama, wanda ya gama wata 3 bai ji daɗin aikin ba fa?

Malamar makarantar Lahadi: A tambaye shi wane ɓangare ne bai gajiyar da shi ba, sai a zaɓi gwaji na biyu daga nan.