Me za mu kira ID da action na fom da Hausa?

Mai koyarwa: Salamu alaikum malamai. Gobe da hantsi zan ɗauki darasi na 6 na gina manhajar yanar gizo, kalma biyu sun tsaya min a wuya. Ta farko ID, abin da ake liƙa wa kowane bayani da ya shiga rumbu, wato ma'ajiyar bayanan manhaja, don a bambanta shi da saura. Ta biyu action na fom, wato wurin da ake rubuta inda bayanan da aka cike za su tafi. A taimaka kafin isha'i.

Ɗan Zazzau: Lambar shaida. Kowa ya san NIN mai lamba 11, da ka faɗa an gane.

'Yar Fagge: Lambar shaida ta yi wa wadda rumbu ke ƙirgawa da kansa, 1, 2, 3, irin ta manhajar rumbu MySQL. To wani nau'in ID da ake kira UUID fa? Wannan baƙaƙe 32 ne, lambobi haɗe da haruffan a zuwa f, da karan ɗori huɗu a tsakani. Ni ta farko nakan ce lambar jeri, ta biyu shaidar gauraye.

Baba Tsohon Malami: Ku dai ba ku gajiya da aro. Lamba ai number ce aka lanƙwasa. Muna da tsaga. Da can da tsaga ake gane mutum ko a tsakiyar kasuwa. A ce tsagar bayani.

Ɗan Zazzau: Baba, ranka ya daɗe, tsaga gida take nunawa. Gobirawa dubu na iya ɗaukar iri ɗaya. ID kuwa in biyu suka zo ɗaya, rumbun ƙin karɓa yake yi.

Baba Tsohon Malami: To a ce shaida kawai, a jefar da lamba.

'Yar Fagge: Shaida ma daga Larabci ta zo, Baba.

Baba Tsohon Malami: Larabci daban ne, 'yata. Ku yaran Kano kun ɗauka Hausa a Kurmi aka haife ta.

Basakkwace: Yau dai an faɗi gaskiya. Kullum sai abin da Kano ta ce shi ne daidaitacce.

Mai koyarwa: Don Allah a bar Kano ta huta. Action fa?

Ɗan Zazzau: Makoma, tunda adireshin da bayanan za su tafi ne in an danna maɓalli.

Basakkwace: Makomar fom? Sai ka ce za a yi masa hisabi.

'Yar Fagge: Madosa, daga dosa. Sai dai a React 19 da Next.js, kayan gina manhajar yanar gizo, ana iya sa aiki, wato umarnin da manhaja za ta aiwatar, kai tsaye a wurin, babu adireshi. A can aikin fom ya fi zama daidai.

Mai koyarwa: Harshen rubuta manhaja na PHP nake koyarwa, a can action adireshi ne zalla. Na ɗauki madosa, maɓallin kuma "Tura". Zan ma nuna musu yadda danna Tura sau biyu ke haifar da bayani biyu, kowane da lambar shaidarsa.

Baba Tsohon Malami: Madosa ba laifi. Fom ɗin ne har yanzu bai kwanta min ba.

Mai koyarwa: Baba, a fansho me kuka cike?

Baba Tsohon Malami: Fom. Amma ka ambaci tsaga a darasin ko sau ɗaya ne.

Mai koyarwa: Zan kawo ta in mun zo rukunin bayanai, in sha Allah. UUID kuma na bar shi da sunansa zuwa darasi na 7.