Taimako: me za mu kira mawaƙiyar "indi" da Hausa? Alhamis zan naɗi shiri

'Yar Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Agaji nake nema kafin daren Laraba, don da safiyar Alhamis za mu naɗi shirinmu na matasa da sana'a. Wannan makon a kan mawaƙan Turai da Amurka ne masu riƙe harkarsu da hannunsu. Wadda aka ba ni misali da ita wata mata ce, ita ke tsara waƙarta ta rera, ta buɗe ɗan kamfani nata tana sakin waƙoƙin ta nan, in ta je wasa kuma ta sayar da riguna da faya-fayai. Kalmomi uku aka siffanta ta da su a Turanci, su nake son fassarawa. Mai kamfani ba wuya. Marubuciyar waƙa na sa. Indi ce ta tsaya mini a wuya. Masu sauraronmu mutanen ƙauyukan Ringim da Taura da Garki ne, wani a gona zai ji, wata tana daka, ba mai komawa baya ya sake saurare. Kalmar da za a ji sau ɗaya a gane nake so. A yanzu dai na rubuta mawaƙiya mai zaman kanta.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. 'Yata, goge wannan tun kafin wani ya gani. Kin san abin da mutanenmu ke ji in an ce mace mai zaman kanta. Namiji a ce ɗan takara mai zaman kansa ba komai, hukumar zaɓe mai zaman kanta ba komai, amma mace, kuma mawaƙiya? Za ki zubar wa baiwar Allah mutunci ba ta ji ba ta gani ba, iyaye kuma su kashe rediyon. Ki ce mai dogaro da kanta.

Ɗan Haɗeja Mai Situdiyo:
Hajiya ta yi gaskiya a ta farko, amma dogaro da kai bai kama ba. Mai sayar da awara ma tana dogaro da kanta. Maganar a kan wa ke da waƙar ne. Manyan kamfanonin waƙa uku ne suka rage a duniya, Universal da Sony da Warner, tun da aka raba na huɗunsu, EMI, a 2012. In mawaƙi ya sa hannu da ɗayansu, za su ba shi kuɗi tun kafin aiki, su biya situdiyo da talla, amma kuɗin nan bashi ne da za a cire daga kasonsa, kamar manomin da ya karɓi taki da damina za a auna masa da kaka. Kuma asalin sautin da aka naɗa na kamfani ne. Wanda bai bi ta wannan ƙofar ba, ya saki da kansa ko ta wani ƙaramin kamfani, shi ne indi. A Ingila abin ya yi ƙarfi: Rough Trade shagon faifai ne a Landan a 1976, ya koma kamfani a 1978, a 1980 har aka ware wa irin waɗannan ƙananan kamfanoni jadawalin ciniki nasu daban. Ni shawarata mara ubangida. Gajeriya ce, kowane ɗan ƙauye ya san ubangida.

Bakanon Bichi:
Indifenda mana! Tun zamanin siyasar iyayenmu ake cewa ɗan indifenda, kuma tushensu ɗaya da kalmar da take nema. Mawaƙiya 'yar indifenda, an gama.

Malam Na-Gumel:
A'a ɗana, ba a gama ba. Indifenda Turanci ne da aka sa wa hula. Shekarun da na yi ina koyar da Hausa ban taɓa yarda ɗalibi ya ari kalma alhali rumbunmu cike yake ba. Ku dubi yadda muke gina suna: mai mantuwa mantau, mai jimiri jimrau, mai makara makarau. To wanda ya 'yanta kansa daga kamfani fa? 'Yantau. Ba ta bambanta namiji da mace, don haka matsalar da Hajiya ta hango ta kau. Gaɓa biyu ce kamar ta Turancin, tana da daɗin faɗa a rediyo. Mawaƙiya 'yantau. 'Yata, wannan za ki sa.

'Yar Ringim:
Allah ya gafarta Malam, ginin ya yi kyau. Tsorona kawai, in na faɗe ta wa zai gane? Sai na tsaya na yi bayani, minti 25 kuma gare ni duka.

Malam Na-Gumel:
Duk kalmar da kika sani yau akwai ranar da aka fara faɗinta. Wa ya san jirgin sama kafin a haɗa ta? An kafa Hukumar Hausa a 1955 saboda irin wannan aikin, Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, kalmomi nawa suka shiga bakin mutane ta rediyo? Ku da kuke riƙe da makirfo ku ne masu alhakin. In kun ji tsoro, wa zai yi?

Bakanon Bichi:
Malam, da girmanka, an ce na'ura mai ƙwaƙwalwa shekara da shekaru, amma je kasuwar Bichi ka ji abin da ake cewa. Kwamfuta. Mutane ne ke zaɓa, ba hukuma ba.

Uwar Biyu:
Ni abin da ya dame ni da 'yantau, wanda aka 'yanta ai bawa ne da. Ita wannan matar ba ta taɓa shiga hannun kowa ba balle a ce ta fita.

Malam Na-Gumel:
Hajiya, mawaƙan da kansu sun kira abin bauta. Mawaƙin nan na Amurka, Prince, da rigimarsa da Warner ta yi zafi a shekarun 1990, kalmar bawa ya riƙa rubutawa a kumatunsa yana fitowa bainar jama'a. Idan mai abin ya ce bauta ce, wanda ya tsira daga gare ta 'yantau ne.

Ɗan Haɗeja Mai Situdiyo:
Wannan gaskiya ne Malam, amma hujjar Hajiya ta ƙara ƙarfi ke nan. Shi ya shiga ya nemi fita. Indi na asali bai shiga ba. Na ma sake tunani a kan tawa shawarar. A nan wajenmu wane babban kamfanin waƙa muke da shi? Yaran da ke zuwa situdiyona daga Malam Madori da Kafin Hausa su ke biyan kuɗin naɗi, su ɗora a Audiomack da YouTube, masu tura waƙa a waya su kwashe su sayar a kasuwar Gujungu ran Lahadi, mai waƙa bai ga ko sisi ba. A lissafin Turawa duk indi ne. Amma kowannensu yana da ubangida: ko ɗan siyasa, ko furodusan fim, da can ko 'yan kasuwar Ƙofar Wambai masu sayen aiki gaba ɗaya su buga kaset. In ta ce mara ubangida, mai sauraro zai ɗauka ba ta yi wa ɗan siyasa waƙa ne, kamfani ba zai zo masa a rai ba. Na janye.

Sani Na-Dawaki:
Ku gafarce ni, amma mu muka riga su. Masana sun raba makaɗanmu, akwai na fada irin su Narambaɗa da ke ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa, akwai na jama'a. Shata bai zauna a fadar kowa ba har ya rasu a 1999, ya yi wa sarki ya yi wa direba. Ɗan Maraya Jos shi da kuntiginsa kawai, ba 'yan amshi. Me zai hana a ce mawaƙiyar jama'a?

Uwar Biyu:
Allah ya jiƙansu. Amma su kyauta suke karɓa, a yi musu kari a wajen biki, a ba da mota, a ba da kujerar Makka. Ita wannan ciniki take yi, kaya ta kasa, wanda ya so ya saya. Abin da nake so 'ya'yanmu mata su ji a shirin ke nan, cewa akwai fasahar da ake ci da ita ba tare da roƙo ba.

Sani Na-Dawaki:
Hajiya, Shata kike kira maroƙi? Mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa? Wannan rainin ne ya sa komai namu sai mun ga Bature ya yi sannan ya zama sana'a.

Uwar Biyu:
Ban raina shi ba ɗana, da waƙarsa na tashi. Hanyar samun kuɗin na bambanta, ban taɓa darajar kowa ba.

Malam Na-Gumel:
Tunda an zo nan, ni marubuciyar waƙa ma ban yarda da ita ba. Marubucin waƙa shi ne Sa'adu Zungur, shi ne Aƙilu Aliyu, shi ne Mu'azu Haɗeja, masu auna ƙafiya da karin waƙa. Wanda ke jera nanaye a kan fiyano ba za a haɗa shi layi ɗaya da su ba. A ce mai tsara waƙa.

Ɗan Haɗeja Mai Situdiyo:
Malam, wannan ya yi mini zafi. Yaran nan da biro da takarda suke zuwa, wani ya kwana yana gyara baiti ɗaya. Kuma doka ma rubutun take kallo. Haƙƙi biyu ne a kan kowace waƙa, na wanda ya rubuta da na wanda ya mallaki naɗin. Wadda ake magana a kanta ta riƙe duka biyun, shi ya sa ta zama mai kamfani. Tana biyan dillalin intanet irin DistroKid ko TuneCore ya kai mata manhajar sauraron waƙa ta Spotify, in ta sayar a shafin sayar da waƙa na Bandcamp su cire kashi 15 cikin 100 saura nata. Spotify ma ta shigo Nijeriya a 2021, sabuwar dokar haƙƙin mallaka an sa mata hannu a 2023. In aka cire marubuciya daga bayanin, an cire rabin dukiyarta.

Malam Na-Gumel:
Ba dukiya nake magana ba, martabar kalma nake karewa. Ku mutanen gabas kun fi kowa sanin wane ne Mu'azu.

Bakanon Bichi:
An fara ke nan. Malam, daidaitacciyar Hausa dai ta Kano ce, ku bar mu mu yanke.

Sani Na-Dawaki:
Ba a nan take ba, Bakano. Baiwar Allah tana da aiki jibi.

'Yar Ringim:
Na gode Yaya Sani. Akwai wadda ba wanda ya ambata, ta faɗo mini ina karanta ku: mai cin gashin kanta. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, ba ƙauyen da bai ji cin gashin kai a rediyo ba, kuma an gane shi da cewa kuɗinka ya zo hannunka kai tsaye, ba mai tsaya maka a tsakani. Ai ita ce maganar. Ba ta kuma da wani warin da zai ɓata mace.

Uwar Biyu:
Wannan ta zauna. Na bar tawa.

Ɗan Haɗeja Mai Situdiyo:
Ta kama ɓangaren kasuwanci sarai. Amma ki sani ƙanwata, rabi kika samu. Kalmar indi ta daɗe da zama sunan salon kiɗa ma, tun kaset ɗin da mujallar NME ta haɗa a 1986: jita mai sanyi, murya ba ƙawa da yawa, waƙa kamar hira. Yau akwai waɗanda ke ƙarƙashin manyan kamfanonin nan ana ce musu indi saboda sautinsu kawai. Su ba za ki ce suna cin gashin kansu ba.

Bakanon Bichi:
Shi ya sa na ce a ara. Mun ari rap, mun ari disko, sama ba ta faɗo ba.

Malam Na-Gumel:
Mai cin gashin kanta kalma huɗu ce, jimla ce, ba suna ba ce. Za ki faɗe ta sau goma a shiri ɗaya? 'Yantau za ta ɗauki mutum ta ɗauki salo, kiɗan 'yantau, waƙar 'yantau. Ku gwada ta a baki ku ji.

'Yar Ringim:
Ga abin da zan yi, don dare ya yi. A buɗe shiri zan ce mawaƙiya mai cin gashin kanta, wato wadda waƙarta da kamfaninta duk nata ne, ba ta ƙarƙashin manyan kamfanoni. In na zo kan sautin zan ce salon da suke kira indi, in sa ɗan guntun kiɗan a ji. Marubuciyar waƙa tana nan, Malam ka yi haƙuri, hujjar haƙƙin mallaka ta rinjaye ni. A ƙarshen shiri kuma zan faɗi 'yantau, in ce wani malaminmu ne ya kawo, in nemi masu sauraro su turo ra'ayinsu.

Malam Na-Gumel:
A ƙarshen shiri, lokacin da kowa ya tashi. To, shirinki ne. Ban gamsu ba, kuma ni a rubutuna 'yantau zan ci gaba da sawa. Abu ɗaya nake roƙo, ki faɗe ta daidai, ki fito da 'ya ɗin sosai, kada ta fita yantau.

Ɗan Haɗeja Mai Situdiyo:
Ƙanwata, in kin samu sarari ki ƙara minti biyu a kan haƙƙin nan guda biyu. Yaranmu na sayar da waƙa dungurungum ba takarda, ba su san abu biyu suka bayar ba.

'Yar Ringim:
Zan faɗe ta daidai in sha Allah, Malam. Yaya, minti biyu ba zai isa ba, ka turo mini lambarka ta akwatin sirri, mako mai zuwa kai ne baƙon shirin.