Famfon insulin mai aiki da kansa: in saki jiki da shi?

Baban Nana, Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum jama'a, daga nan Maradi. Ɗiyata shekararta 13, tana da ciwon sukari irin na yara, wanda sai da allura kullum. Ƙanena da ke Faransa ya aiko mata wani ɗan faifai da ake liƙawa a dantse, yana tura awon sukari cikin salula ba dare ba rana. Yanzu kuma ya matsa in yarda ya aiko da famfon insulin, wata 'yar na'ura da ke tura maganin cikin fata ta ɗan bututu a maimakon allura, wai shi ke haɗuwa da faifan yana ƙara magani ko ya rage da kansa. Uwarta ta ce a karɓa, ta gaji da tashin tsakar dare tana soka wa yarinya yatsa. Ni kuwa gabana faɗuwa yake yi. Wanda ya san abin nan ya taimaka.

Majo mai ritaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya. Abin ba ƙarya ba ne, tun 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinsa na farko, MiniMed 670G, kuma da dare ne ma ya fi nuna amfaninsa, don in sukari ya kama sauka yakan tsayar da insulin.

Ni ba lissafinsa ke damuna ba, Maradi ke damuna. Famfo insulin mai saurin aiki kaɗai ke cikinsa, babu mai dogon zango. In ɗan bututun da ke cikin fata ya lanƙwashe, ko zufa ta ɓamɓare shi, yarinya ba ta da komai a jiki, cikin awoyi kaɗan sai amai da ciwon ciki, sai asibiti. Ga zafi. Insulin da aka buɗe ba a son ya wuce digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu 40 muke wucewa, ga shi manne da jikinta yini guda. Bututun kowane kwana 2 ko 3 ake canza shi. In ya ƙare, wace farmasi za ka je? Ko kun karɓa, kada alluran hannu su bar gidanka.

Mai gyaran salula, Babbar Kasuwa:
Alhaji, ta ɓangarena zan yi magana. Salula takan kashe manhaja a ɓoye don tsimin batir, ko a sa ta shiru a manta. Ƙararrawar gargaɗin faɗuwar sukari ba za ta yi kuka ba, ku kuma kuna barci. A duba wannan kullum kafin kwanciya, a tanadi abin caji saboda ɗaukewar kuran.

Hajiya Babba, Zariya:
Haba Majo, kada ka tsorata bawan Allah. Ni faifan kawai nake sawa, kuma na samu sauƙi ƙwarai. Sai dai na koyi halinsa. Ba jini yake aunawa ba, ruwan ƙarƙashin fata ne, shi ya sa yakan makara da wasu mintoci. In na kwanta a kansa sai ya nuna sukari ya faɗi, alhali lafiyata lau. In abin da ya nuna ya saɓa da abin da jikina ke faɗa mini, yatsa nake sokawa. Kuma ɗana, famfon bai san fura ba. Kai za ka gaya masa yawan abin da ta ci kafin ta ci. Wa ya taɓa auna dawo ɗaya ko malmalar tuwo a gidanku?

Majo mai ritaya:
Gaskiyarki Hajiya. Ga wani abu kuma, Malam: takardun awonmu da ma'aunin g/L ake rubuta su, na'urori da yawa kuwa da wani ma'auni daban, mg/dL, suke nuna awon. 0,70 ɗinmu shi ne 70 nasu. In ta kai nan ko ƙasa, a ba ta ƙwayar sukari 3, a jira minti 15, a sake awo. Lambobin da ake saitawa cikin famfo kuma, likitan da ke bin ta ne zai sa su, ba ƙanenka ta waya ba.

Baban Nana, Ali Ɗan Sofo:
Na gode, Allah ya saka. Na ce masa ya dakata da famfon, ya ƙaro faifan tukuna. Ranar Litinin za mu ga likitanta, zan tambaye shi ko akwai mai iya bin famfo a nan ko sai Yamai. Hajiya, faifanki nan kike samu ko daga Kano ake kawo miki?